Ɗalibai ɗari bakwai a zaure ɗaya: juyayyen aji zai yi aiki a jami'o'inmu?

Malamar Fiziks:
Assalamu alaikum malamai da ɗaliban wannan zaure. Ina neman shawararku kan wani tsari da nake gwadawa a wannan zangon, musamman masu koyar da 'yan aji ɗaya. Kwas ɗina PHY 101 ne, ɗalibai sun haura ɗari bakwai. Wanda ya taɓa tsayawa gaban irin wannan taro ya san halin da ake ciki. Layukan gaba ne kawai ke tare da kai, na tsakiya suna ta kwafar rubutu ba tare da sun san me suke rubutawa ba, na baya kuwa ko muryarka ba ta kai musu sosai. Ka ce "akwai mai tambaya?" a yi tsit. Sai ranar jarrabawa ka ga ɓarnar.

Abin da nake yi yanzu shi ne juyayyen aji. Bayanin da na saba yi a lakca na mayar da shi kafin lakca: ina tura saƙon murya na 'yan mintuna da shafi biyu na rubutu, kowa ya saurara ya karanta a inda yake. In mun haɗu kuma, awa biyun nan namu na warware tambayoyi ne da gardama a kansu. Ina ganin canji, amma ina ganin matsaloli. Wa ya taɓa gwadawa a babban aji?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka da alheri kan himma. Amma an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙas. Yaran da ko handawut ba sa buɗewa sai saura kwana uku jarrabawa, su ne za su yi karatu kafin kowace lakca? Na biyu, manhaja fa? Tun bayan yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas, zangon karatu a wurare da yawa a matse yake. In kika ɓata awa biyu kan tambaya huɗu, yaushe za ki gama kwas?

Malamar Fiziks:
Ranka ya daɗe, tambayar manhaja ita ce ta fi damuna, zan dawo kanta. Bari na fara nuna yadda awa biyun ke tafiya, don kada a ɗauka hira ake yi.

Kowane ɗalibi yana da farar takarda ɗaya da ya naɗe gida huɗu, ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙi. A makon dokokin Newton na rubuta wannan a allo: tirela ta yi karo da keke napep gaba da gaba. A lokacin karon, (A) tirela ta fi bugun keke da ƙarfi, (B) keke ya fi bugun tirela, (C) ƙarfin bugun daidai yake, (D) ya danganta da wanda ya fi gudu. Na ba su minti ɗaya, babu magana, kowa ya ɗaga takardarsa. Zauren ya cika da A da D. Waɗannan fa ɗalibai ne da za su karanto maka doka ta uku ta Newton, wadda ta ce in abu biyu suka bugi juna ƙarfin bugun daidai yake, da ka, kalma bayan kalma. Ban faɗi amsa ba. Na ce kowa ya nemi na kusa da shi da ya zaɓi wata amsa daban, ya shawo kansa cikin minti uku.

Zauren ya kaure da hayaniya. Ina zagayawa na ji wata yarinya a can baya tana ce wa ƙawarta da Hausa: "Ke, bugun ɗaya ne, keken ne ba shi da nauyi shi ya sa yake tashi sama." Wannan ita ce amsar, kuma ta haɗa da doka ta biyu a ciki: ƙarfi ɗaya, nauyi kaɗan, sauyin gudu mai yawa. Da aka sake ɗaga takardu, C ta rinjaya. Sannan na yi bayani na minti biyar, kuma kowa yana saurare, domin kowa yana da abin da ya kare ko ya sha kaye a kai.

Ɗan Aji Biyu:
Malama, da izininki. Mu ɗalibai ba ƙin karatu muke yi ba duka. Wani malaminmu ya yi irin wannan bara, sai dai shi bidiyon YouTube na awa guda yake turo mana, na wani Bature, ya ce mu kalla kafin Litinin. Kuɗin data ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Wanda ke lissafin kuɗin garin kwaki da na mota, ina zai samu na bidiyon awa guda duk mako? Ga wuta. A unguwar da nake haya sai ka kai waya shagon caji ka biya. Ranar Litinin in mun zo sai ya ce tunda mun kalla, a ci gaba. Wallahi mafi yawanmu a nan aka bar mu.

Malamar Fiziks:
Ƙanena, gaskiyarka, kuma abin da aka yi muku ba juyayyen aji ba ne, sauke nauyi ne. Shi ya sa ni ban yin bidiyo sai dole. Saƙon murya na minti bakwai ko takwas a WhatsApp bai kai megabayit biyu ba. Rubutun kuma ina ajiye kwafi a wurin mai fotokwafi na kusa da sashe, shafi biyu ne. In akwai zanen da sai an gani, na ɗauki hoton takarda na tura.

Dakta a Fannin Ilimi:
Bari na sa baki, domin wannan fannina ne. Mutane na ɗauka juyayyen aji da bidiyo abu ɗaya ne, alhali tarihinsa bai nuna haka ba. Abin da Malama ke yi da takardun A, B, C, D asalinsa wurin Eric Mazur ne, malamin Fiziks a Jami'ar Harvard. A farkon shekarun 1990 ya gano ɗalibansa suna iya warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayoyin fahimta masu sauƙi, irin wannan ta karon mota. Sai ya sa su karanta littafi kafin aji, a aji kuma su koyar da juna. Shawarar da aka fi bi daga tsarinsa ita ce: in waɗanda suka ci amsa a zagayen farko suna tsakanin kashi 30 zuwa 70, a bar su su yi gardama. In sun gaza haka, malami ya sake bayani. In sun haura, a wuce.

A shekarar 2000 wasu masana uku, Lage da Platt da Treglia, sun wallafa yadda aka juya ajin tattalin arziki a Jami'ar Miami ta jihar Ohio, tun kafin a ƙirƙiri YouTube a 2005. Sunan ya yi tashe ne daga baya ta hannun malaman Kemistiri biyu na wata sakandare a Colorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, waɗanda suka fara naɗar darussansu a 2007 saboda ɗaliban da ke rasa aji.

Game da hujja kuma, a 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan kwasa-kwasan kimiyya, lissafi da injiniya. Inda ake zuba lakca zalla, kashi 33.8 na ɗalibai ke faɗuwa. Inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji, kashi 21.8. A lura da kyau: abin da aka auna shi ne sa ɗalibi aiki a aji, ba kallon bidiyo a gida ba. Karatun gida hanya ce kawai ta samar da lokacin yin wannan aikin.

Tsohon Malami:
Dakta, duk waɗannan a Amurka ne, inda kowane ɗalibi ke da kwamfuta da kujerarsa. Kuma kai mai bincike ne, ka san babu maganin da ba shi da illa. Faɗa mana ɗaya ɓangaren.

Dakta a Fannin Ilimi:
Farfesa, akwai shi kuwa, kuma ya shafe mu kai tsaye. An yi gwaji a makarantar sojoji ta West Point a Amurka, aka raba azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, wasu aka juya wasu aka bari, a darussan lissafi da tattalin arziki. A lissafi an samu ƙarin maki na ɗan lokaci, a tattalin arziki ba a samu ba. Zuwa jarrabawar ƙarshe ribar ta dusashe, sannan tazarar da ke tsakanin ɗalibai masu ƙarfi da masu rauni ta ƙaru. Wannan shi ne tsorona a nan. Yaron da ya fito daga makarantar kuɗi da babbar waya zai zo a shirye. Wanda ya fito daga sakandaren ƙauye, da ƙaramar waya mai madannai, zai zo bai ji komai ba, kuma yanzu babu lakcar da zai kwafa. In ba a yi hattara ba, mai shi za a ƙara wa.

Wakiliyar Aji:
Malamai barkanku da war haka. Ni ce ke riƙe da gurup ɗin ajinmu, don haka ina ganin abin daga ƙasa. Akwai waɗanda ba su da WhatsApp gaba ɗaya, kuma ba za su taɓa faɗa wa malami ba saboda kunya. Abin da muke yi shi ne, da yamma bayan la'asar mutum biyar ko shida su zauna ƙarƙashin bishiya a kunna saƙon a waya ɗaya. Masu babbar waya da ba su da data kuma a tura musu ta Xender. Yana yiwuwa, amma sai in saƙon ya zo da wuri. Akwai kuma wani ɗan ajinmu mai larurar gani, shi ya fi kowa murna da saƙon murya, domin da sai ya nemi mai karanta masa handawut.

Malamin Larabci:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke kallon wannan a matsayin baƙon abu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san ba a zuwa gaban malam hannu rabbana. Da dare ka yi muɗala'ar inda za ka ɗauka gobe, ka duba ƙamus, ka yi alama a inda ya shige maka duhu. Da safe kai ne za ka ja baƙi, malam ya fassara, ya gyara maka, ya tsaya a inda ka yi tuntuɓe. In ba ka yi muɗala'a ba, daga layin farko za a gane. Bambancin kawai, a zaure mutum goma ne ko ashirin kuma malam ya san kowa da sunan mahaifinsa. Kunyar malam ke sa ka shirya. A zauren mutum ɗari bakwai wa zai ji kunyar wa? Wannan gurbin ne ya kamata ku cike.

Malamar Fiziks:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke ciwo. Abin da na sa a gurbin shi ne maki. Daga makin gwajin zango na ware kaɗan don shirin kafin aji. Kowane mako akwai tambaya uku a Google Forms, wanda ba shi da data ya rubuta a 'yar takarda ya ba wakilin aji kafin a shiga. Biyu daga cikin karatun suke, ta uku kuwa kullum ɗaya ce: me ya fi shige maka duhu a abin da ka karanta?

Bakatsine:
Malama, ai kafin ki ƙifta ido amsoshin sun zagaye gurup. Mutum ɗaya zai yi, ɗari shida su kwafa.

Malamar Fiziks:
Biyun farko ana kwafa, na sani. Shi ya sa makin na wanda ya amsa ne, ba na wanda ya ci ba, don haka kwafar ba ta da riba. Ta ukun ce nake karantawa. Ba na bin duka, nakan duba kamar hamsin daga wurare daban-daban daren da za a yi lakca, kuma nan take za ka ga inda jama'a suka maƙale. Daga nan nake fitar da tambayoyin gobe. Wani lokaci nakan karanto abin da wani ya rubuta ba tare da ambatar suna ba, sai ka ga kawuna suna ɗagowa, don kowa ya gane ana karanta abin da suke turowa.

Ɗan Damagaram:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. A jami'o'inmu na Nijar tsarin Faransa muke bi: akwai babbar lakca a amfi, wato babban zauren lakca, akwai kuma TD, inda ake raba ɗalibai rukuni-rukuni a warware tambayoyi tare da ƙaramin malami. To ni a ganina, abin da Malama ke yi shi ne shigo da TD cikin amfi saboda babu isassun malamai da ɗakunan da za a raba mutane. Tambayata, ke kaɗai kike zagaya mutum ɗari bakwai?

Malamar Fiziks:
Ɗan uwa, ina da ɗaliban digiri na biyu guda biyu da ke taimaka mini don Allah. Ɗaya yana tsayawa a baya, ɗaya a tsakiya. Kujerun a kafe suke kuma wasu ɗalibai a kan matakala suke zaune, don haka tsakiyar layi ba ya shiguwa. Dole gardamar ta zama tsakanin mutum da na gefensa ko na bayansa. Abin da ba a iya yi ba tare da shi ba shi ne lasifika. Ranar da babu wuta, dawo da hankalin jama'a bayan gardama aiki ne babba. Na sayi ƙaramar lasifika mai caji, irin ta masu talla a kasuwa, ita ke ceto na.

Ɗan Aji Biyu:
Akwai wani abu kuma, ku yi haƙuri. Ɗalibai da yawa suna cewa malamin da ke yin haka ba ya koyarwa, mu muke koyar da kanmu. Ni kaina in malami ya iya zuba bayani tiryan-tiryan nakan fita ina jin na gane.

Dakta a Fannin Ilimi:
Ɗana, wannan jin da kake yi an auna shi. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa sun yi gwaji a ajin Fiziks a Harvard. Ɗalibai ɗaya, darasi ɗaya, wani lokaci a ba su lakca mai daɗin sauraro, wani lokaci a sa su aiki. Da aka tambaye su, suka ce sun fi koyo a lakcar. Da aka yi musu gwaji, sun fi cin maki a inda suka sha wahalar aiki. Bayani mai santsi yana sa ka ji kamar ka iya, sai ka ɗauki biro kai kaɗai sannan gaskiya ta fito. Don haka ina ba duk malamin da zai fara shawara ya ɓata rabin awa a makon farko ya gaya wa ɗalibai dalilin abin da zai yi da su, kuma ya gaya musu za su ji kamar ba sa ganewa.

Ƙarin abu ɗaya ga masu son bidiyo: wani bincike na 2014 kan kallo miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX ya nuna yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti shida, komai tsawon bidiyon. Mai tura na awa guda ya san inda ƙoƙarinsa ke tafiya.

Bakatsine:
To saƙon muryar da wane harshe ake yi? Ni da za a yi mini bayanin Fiziks da Hausa da tuni na wuce wurin.

Malamar Fiziks:
Da Turanci nake yi, mai sauƙi kuma a hankali. Ajin akwai Yarbawa, Tibi, Ibo, Nufawa da sauransu, kuma da Turanci za a yi jarrabawa. Ba zan ba wasu abin da wasu ba za su amfana da shi ba. Amma lokacin gardama ba na hana kowa harshensa, kuma a nan nake ganin babbar ribar tsarin a wurinmu. Yaron da ba zai taɓa ɗaga hannu ya yi tambaya da Turanci gaban mutum ɗari bakwai ba, don tsoron a yi masa dariya, zai yi wa abokinsa ita da Hausa cikin minti uku ɗin nan. 'Yan mata musamman. Akwai muryoyin da ban taɓa ji ba sai da na daina magana na fara zagayawa.

Tsohon Malami:
Har yanzu ba ki amsa mini batun manhaja ba. Kuma ki ƙara da wannan: jarrabawar manyan kwasa-kwasai yanzu a kwamfuta ake yi, zaɓi ɗaya cikin huɗu. In tambayoyin na hadda ne, ɗalibi zai gane cewa tsofaffin takardun jarrabawa sun fi masa amfani da gardamarki. Sannan wa zai biya ki wannan wahalar? Kwamitin ƙarin girma takardun da kika wallafa zai ƙirga.

Malamar Fiziks:
Ranka ya daɗe, a kan ƙarin girma ba ni da amsa, haka abin yake, kuma shi ya sa ba na ganin laifin abokan aikin da suka ce ba za su iya ba. Shirya tambaya ɗaya mai kyau, wadda amsoshinta na kuskure su ne ainihin kuskuren da ɗalibai ke yi, ya fi rubuta lakca cin lokaci. Sauƙin kawai shi ne abin da ka shirya bana zai yi maka baɗi.

Jarrabawa kuwa ni ke fitar da tambayoyin kwas ɗina, kuma na gaya musu tun farko cewa wani kaso zai zo da irin siffar tambayoyin aji. Tambayar tirela da keke ma zaɓi ɗaya cikin huɗu ce, kwamfuta za ta iya makinta.

Manhaja kuma, ban juya duka ba. Awo da raka'o'i da abubuwan da mutum zai iya karantawa ya gane, na bar su a karatun gida, ba na maimaita su a aji. Lokacin da na samu daga nan nake zubawa kan dokokin Newton, aiki da makamashi, da motsi a da'ira, inda na san ana faɗuwa kowace shekara. Batun da ke da lissafi mai tsawo kuma har yanzu a allo nake yin sa da kaina daga farko har ƙarshe. A lissafina zan kai ƙarshen manhaja, sai dai babu rarar mako ko ɗaya. In aka samu hutun da ba a shirya ba, zan matsu.

Tsohon Malami:
To wannan magana ce da zan iya zama da ita, tunda ba ki ce a jefar da allo ba. Ban gamsu cewa zai yiwu a kowane kwas ba, kuma maganar da Dakta ya kawo ta masu rauni tana nan ba a warware ta ba. In sakamako ya fito, kada ki duba matsakaicin maki kawai. Ki ware waɗanda suka faɗi gwajin farko ki ga ina suka ƙare. Ki turo mini tambayoyinki na dokokin Newton ta akwatina, akwai ƙaramin malami a sashenmu da nake so ya gani.

Wakiliyar Aji:
Malama, roƙo ɗaya a madadin masu zama a cikin gari da matan aure na ajinmu. In lakcar Litinin ce, saƙon ya riƙa zuwa ranar Alhamis. Wanda aka turo daren Lahadi, su ba sa samun wanda za su saurara tare da shi.

Malamar Fiziks:
Farfesa, zan turo yau da dare in sha Allah, kuma zan ware sakamakon kamar yadda ka ce. 'Yata, na karɓa. Nawa zai riƙa fita Alhamis kafin azahar, kwafin takarda kuma ya isa wurin mai fotokwafi a ranar.